Ba a Sanar da Mu Ba

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin ɗakin dafa sabulu. Ma'aikata sun tashi, tsakar gida ba kowa sai Auta, 'yar maigidan, tana kwashe shanya. Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa tagar ofis. Kwana huɗu ana haka. Ran na biyar Auta ta yanke jiki ta faɗi, ta farka da muryar da ba tata ba.

Maigidan mutum ne mai taurin kai, irin wanda ko ya ɓata hanya ba ya tambaya. Da ya gaji masana'antar da ke bayan gidan, abin da ya fara sokewa shi ne taron safe, inda mahaifinsa kan tsaya ya faɗi aikin ranar da babbar murya. Wai ɓata lokaci ne, kowa ya duba wayarsa.

Uwar Auta ce ta ɗauko malam, ba ta nemi izinin kowa ba. Ya daɗe yana karatu kafin Auta ta ɗago kai, idanu jawur.

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji malam.

"Ubanta ne," muryar ta amsa. "Shekara arba'in muna bayan ɗakin nan. Tsohon maigidan nan kan faɗi inda za a zubar da ruwan zafi, mu kwashe 'ya'yanmu. Wannan ya sauya magudana bakinsa alaikum. Ɗana ya ƙone."

"Na tura saƙo!" maigida ya daka tsawa.

"Ka taɓa ganin aljani da waya? Da 'yarka zan tafi."

Uwar ta rungume Auta. "Wallahi ba inda za ka da ita. In mai laifi kake nema, ga shi nan tsaye."

Malam ya ƙara ƙaimi har muryar ta soma kuka. Sannan ta sauko: a dawo da taron safe, a faɗa da baki, kowa ya ji.

"A gidana aljani zai tsara min aiki?" Maigida ya dubi 'yarsa tana mimmiƙewa a ƙasa, ya haɗiye sauran maganar. "Na yarda."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Umma, ƙishirwa."

Washegari ya tara ma'aikata, ya faɗi aikin ranar yana cin magani. Da ya gama, wani tsohon ma'aikaci da ke juya tukunyar sabulu ya naɗe hannun riga. Ƙuna ce ɗanya, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma ranar ban samu saƙon ba, don ban iya karatu ba. Sai dai ni ban iya jifa ba."