Ɓarawon Da Ya Ninke Atamfa

Da safiyar Laraba Juwairiyya ta iso shagonta na atamfa a Kasuwar Muda Lawal, ta tarar an ɓalle kwaɗo, an ɗaure ƙofar tam da waya. Kaya na nan lafiya lau. Kwamfutarta ce kawai babu.

Gobe Alhamis za ta rubuta jarrabawa ta intanet don shiga makarantar koyon kasuwanci da ke wani gari, kuma a kan wannan kwamfutar aka yi mata rajista. In ta rasa ta, gurbin bana da tallafin karatun sun wuce ta. Watanni ta yi tana fama da lissafi da Turanci tsakanin ciniki da ciniki. Ta zauna a bakin shago ta fashe da kuka.

Sajan Patricia ta zo daga ofishin 'yan sanda, mace ce da ba ta son hayaniya, ba ta kuma son a taɓa mata komai kafin ta duba. Ta daɗe tana kallon wayar da aka ɗaure ƙofar da ita, sannan ta shiga.

"Ƙanwata, ina kika bar kwamfutar?"

"A kan teburin nan. Jiya ina ɗaukar bidiyon da zan haɗa da takardun neman gurbi, na warware wata shuɗiyar atamfa na shimfiɗa don hoton ya yi kyau. A kanta na ajiye."

Teburin wayam. Shuɗiyar atamfar tana kan kanta cikin 'yan'uwanta, a ninke tsaf, tambarinta na kallon waje, an cusa bakinta ciki.

"Wa ya san tana kwana a nan?"

"Tunji, abokin karatuna. Sai Bappana, Alhaji Abdulrauf, ƙanen marigayi babana. Shagonsa na layin baya."

Aka kira Tunji daga shagonsa na wayoyi. Ya zo yana gumi, don kowa a layin ya san tallafi ɗaya suke nema shi da ita.

"Madam, wallahi jiya ina Jos, na je sayo kaya. Da safen nan na dawo."

Sajan ta jefa masa wani turmi a warware. "Ninke min."

Ya dunƙule shi kamar wanki. Sajan ta buga wa direban da ya kawo shi waya, ya tabbatar da maganarsa. Ta sallame shi.

Andrawus mai gadi ya ce bayan an rufe ƙofar kasuwa ko kyanwa ba ta gifta ba. Kafin rufewa kuwa 'yan layi ne kawai ke tattara kaya, ba wanda zai tsaya tambayarsu.

Sajan ta miƙa wa Juwairiyya turmin. Ta ninke shi sauri-sauri irin na 'yan zamani, baki a waje.

"Wa ke cusa bakin ciki haka?" Sajan ta nuna shuɗiyar.

"Babana ne. Da Bappa," in ji Juwairiyya.

Suka tarar da Alhaji Abdulrauf a shagonsa yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Sajan ta gaishe shi da ladabi, ta zauna a kan benci.

"Alhaji, na ga ɓarayi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya fasa shago ya koma ya ɗaure ƙofar don kada wasu ɓarayin su shiga ba. Ban kuma taɓa ganin wanda ya kasa barin atamfa ta kwana a warware tana kwasar datti ba. Tunji bai iya ninki ba, ita kuma ba haka take nata ba. Hannunka ne ya tona ka."

Tsohon bai yi musu ba. Ya ɗaga wasu turame, ya zaro kwamfutar a naɗe cikin sabon yadi, ko ƙwarzane babu.

"Niyyata in mayar ranar Juma'a," ya ce. "Juwairiyya, in kin tafi karatun nan, wa zai buɗe shagon Yaya? Duk wanda ya tafi ba ya dawowa."

Haushi ya cika ta, tausayi ya bi baya. Ta kunna kwamfutar, ta buɗe bidiyon ta juya masa. Ga ta nan tana nuna shagon, tana bayanin yadda za ta dawo ta haɗa shi da na Bappanta, su riƙa sayar da atamfa ta waya har Gombe da Yola. "Shi ya koya mini ciniki," in ji ta a bidiyon.

Alhaji ya sa hannun riga ya goge ido.

"Za ki shigar da ƙara?" Sajan ta tambaya.

"A'a, Anti. Amma akwai hukunci. Makarantar na son wanda ya ga aikina da idonsa ya ba da shaida a kaina. Bappa, za su kira ka."

"Da Turanci?"

"Tunji zai fassara."

Ranar Alhamis Juwairiyya ta kulle kanta a ɗaki ta fara jarrabawa. A kasuwa kuwa, Alhaji Abdulrauf ya bar nasa shagon a rufe, ya sa sabon kwaɗo a nata, ya buɗe ya zauna. Duk wadda ta tambayi mai shagon, sai ya ce, "'Yata ta tafi jarrabawa. Za ta dawo."