Kafin Azumi Ya Kama

A shagon burodi na fara jin maganar, daga bakin Veta, matar mai gidan man fetur. Wai Gavril ba son Smaranda yake yi ba, cocin ƙauyen Frasini yake so. Limamin can ya rasu, bishop ya ce zai ba Gavril wurin, amma sai ya yi aure kafin babban azumin da ake yi gabanin Ista ya kama. Dokar kowa ya san ta: wanda aka naɗa limami yana tuzuru, haka zai mutu. Kuma ba a ɗaura aure cikin azumi.

"Ko akuya aka ɗaura wa ɗankwali, aura zai yi," in ji Veta. Matan da ke layi suka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. A hannuna aka yi wa Smaranda baftisma, kuma tun da uwarta ta rasu ni take kira Inna. Na koyar a makarantar garin nan har kaina ya yi fari, na lura cewa duk maganar da gari ya yarda da ita cikin yini guda, ba wanda ya je ya duba ta. Na ɗauki burodina na ce ni sai na duba.

Haɗuwarsu dai a idon kowa aka yi ta. Gavril ya dawo daga karatun addini a birnin Iași da kaka, dogo, siriri, gemunsa bai gama shawarar fitowa ba. Yana jan waƙa a coci, sai tsohon limaminmu, Fada Ilarion, ya ɗora masa aikin aika ɗan gajeren tunani kowace safiya zuwa wayoyin 'yan coci. Na farko-farkon duk warin littafi suke yi. Wata safiya ya rubuto:

"Barkanmu da asuba. An kwatanta mu da tumakin da suka san muryar makiyayinsu. Yau mu kasa kunne ga muryar Ubangiji."

Smaranda likitar dabbobi ce, kullum tana kan tuddai cikin tsohuwar motarta, kuma bakinta ba ya jiran izini. Ta amsa a inda kowa zai gani:

"Malam mai waƙa, tumakin da na sani, mai riƙe da bokitin dusa suke bi."

Da la'asar ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi garken mahaifinta don ya yi mata bayani. Ya tarar da ita durƙushe tana duba kofaton wata tunkiya. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Riƙe mini ita."

Ya riƙe. Tunkiya ta watsa masa taɓo har ƙirji. Sai a lokacin ta ɗago, suka haɗa ido, bayanin da ya shiryo tun daga gida ya gudu ya bar shi.

Washegari saƙonsa ya ce:

"Jiya an koya mini cewa tunkiya tana sanin muryar wanda ya daɗe yana ciyar da ita. Idan ka kasa gane muryar Ubangiji yau, tuna sau nawa ka ƙoshi daga hannunsa ba ka ɗaga kai ba."

Daga nan rubutunsa ya sauko ƙasa. Ya fara maganar layin burodi, da maƙwabcin da ya tura maka dusar ƙanƙara ƙofar gida, da addu'ar da ake yi ana ɗaure igiyar takalmi. Bayan saƙon jama'a kuma akwai wani da yake zuwa wayarta ita kaɗai. Ita ta nuna mini, tana rufe fuska.

"Likitata, rigata har yanzu warin tunkiya take yi. Na ƙi wankewa."

"Ƙazami. Wanke ta."

"To ki ba ni dalilin sake ɓata ta."

"Asabar, da sassafe. Ka zo da takalmin roba, mai waƙata."

Toader, mahaifinta, mai yin cuku ne, kuma shi ma maganar Veta ta iske shi. Ya tsare ta a kicin, ni ina zaune ina yanka tuwon masara.

"Yaron nan gaggawa yake yi, ba so ba. Na san irinsu. Su gama karatu su fito farautar mata kamar masu neman takalmi kafin sanyi."

"Baba, ko maganar aure bai taɓa yi mini ba."

"Zai yi. Ki tambaye shi Frasini ki ga fuskarsa. Kuma ke da wando da warin shanu za ki zama matar limami? Tsofaffin ƙauyen can har tsawon zanenki sai sun auna."

Ran Lahadi Smaranda ta tare Gavril a matakalar coci. Luminița, 'yar Veta, tana gefe riƙe da farantin kek da uwarta ta aiko masa. Ba shi ne kek na farko ba. Wannan na lura da shi, na ajiye a raina.

"Gaskiya ne an yi maka tayin Frasini?" in ji Smaranda.

"Gaskiya ne."

"Gaskiya ne sai da aure kafin azumi?"

"Haka aka ce mini. Smaranda, tsaya ki ji..."

"Ga mai kek nan tana jira. Ita ta iya ɗaurin ɗankwali."

Ta shige mota ta tayar da ita da ƙarfi, har kajin mai gadin coci suka watse.

Daga ranar ta daina amsa masa, ni kuma na kasa zama. Na je wurin Fada Ilarion, ya cika ni da shayi da labarin ciwon gwiwarsa, ya ce abin da aka faɗa masa a asirce ba ya fita. Na hau bas na tafi Frasini. Na tarar ana yi wa gidan limami sabon fenti, wata tsohuwa tana share ƙofa.

"Wa zai zo?"

"Wani yaro daga Iași, da amaryarsa. Sunan ya ɓace mini. Mai gemu."

"Goggo, dukansu masu gemu ne."

Na dawo da ciwon baya da zuciya mai nauyi, don abin da na gani ya fi kama da maganar Veta. Na wuce kai tsaye coci, na iske Gavril yana kankare kakin kyandir.

"Kai, zo nan. Ni ba 'yar kek ba ce. Cocin kake so ko yarinyar?"

"Malama Aglaia, tun ina yaro nake mafarkin coci."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Ya juya wuƙar a hannunsa. "Idan na buɗe baki yanzu, ko ta ce ƙarya nake yi, ko ta aure ni don tausayi. Ban son ko ɗaya. Ki bari azumi ya kama."

Na ce a raina, wannan santsin baki a makaranta ake koya musu shi. Na fita ban yi masa sallama ba.

Makonni suka yi ta ja. Smaranda ta rame, tana ta yawo daga garke zuwa garke ko ba a kira ta ba. Veta ta sai wa Luminița farin takalmi irin na amare. Duk garin yana jiran ranar da yaro zai karaya ya karɓi wadda ta samu.

Lahadin ƙarshe kafin azumi, ranar da kowa yake bin kowa yana neman gafara, ina gidan Toader muna cinye sauran cuku da ƙwai, don ba a cin su cikin azumi. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gavril ne, hula a hannu. Ya rusuna wa Toader.

"Baba, ka gafarta mini."

"Allah ya gafarta mana duka," in ji Toader, don ba a ƙin amsa wannan. Sai ya ƙara da nasa. "Amma ka makara, ɗan makaranta. Daga yanzu ba mai ɗaura maka aure sai bayan Ista."

"Na sani."

Ya juya wajen Smaranda. "Ki gafarta mini."

Ta ɗago kai. "Allah ya gafarta. Ni ma ka gafarta mini."

Ya sa hularsa ya tafi. Bai roƙi komai ba.

Azumi ya kama, Gavril yana nan. Veta ta sauya waƙa, wai ya yi biyu babu, kwanan nan zai tattara ya koma birni. Bai koma ba. Ya karɓi aikin koyar da addini a makarantar firamare, saƙonsa kuma bai fasa zuwa ba. Wata safiya ya rubuto:

"Yau ba ni da abin faɗa. Na yi addu'a, na ji kamar da bango nake magana. Idan kai ma haka kake, zo mu tsaya tare a gaban bangon. Wanda ya gina shi yana ji."

Ina gidansu lokacin da Smaranda ta karanta. Ta ajiye wayar, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Ta zagaya tebur. Daga ƙarshe ta rubuta:

"Mai waƙata, ka ci abinci?"

"Wake da burodi, hasken idona. Kamar jiya."

"Akwai tunkiya mai naƙuda a garken Baba. Ina neman mai riƙewa."

"Ga ni nan, da rigar nan."

Da safiyar Ista Gavril ya zo da jajayen ƙwai na bikin. Ya gwara nasa da na Toader kamar yadda al'adar ranar take, na Toader ya fashe.

"Baba, na zo neman Smaranda. Ba ni da coci, ba ni da gida, sai albashin malamin firamare."

Toader ya dubi fasasshen ƙwansa. "Da ka zo da coci da na sakar maka karnuka. Tambaye ta, ga ta nan. Ni ba ta jin maganata."

"Likitata?"

"Wandona ba zan daina sawa ba."

"Ban roƙa ba."

"To na yarda."

An ɗaura auren da bazara. Fada Ilarion ya ɗora musu kambin aure a kai, ya zagaya teburin coci da su, gwiwar tasa ta manta da ciwo. Toader ya yi kuka ya ce hayaƙin turare ne. Luminița ta zo da kek, a wannan karon da saurayinta, wani direban motar madara, muka ci muka sa mata albarka. Ni ma na riƙe kawunansu biyu na ce Ubangiji ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu kunnen uba da bakin uwa.

Amma tambayata tana nan. A wurin walima aka zaunar da ni kusa da wani matashin limami mai kumatu, matarsa na gefe da juna biyu. Ya ce sunansa Fada Serafim, ajinsu ɗaya da ango, kuma shi ke riƙe da cocin Frasini.

"Ashe kai ka ƙwace wa yaronmu wuri da ya kasa yin aure kan lokaci."

"Ni? Malama, ba haka aka yi ba. Gavril aka fara bai wa. Ya je da ƙafarsa ya ce a cire sunansa. Wai akwai yarinyar da ba ta gama sanin ko tana sonsa ba, kuma ba zai ɗora mata nauyin coci a kan shawararta ba."

"Yaushe ke nan?"

"Kafin Kirsimeti. Ni a Sabuwar Shekara aka sanar da ni."

Maganar Veta a ƙarshen Janairu ta fito. Lokacin da garin ya fara cewa Gavril yana neman Smaranda don cocin Frasini, ya riga ya bar cocin Frasini don Smaranda.