Muryar Jidda a Bakin Baturiya

"Sake kunna shi, in ji da kunnena a gabanka!"

Raliya ta dangwara wayarta kan teburin Imrana tana huci.

Fassara finafinai da Hausa ita ce sana'arsa a Talata Mafara, kuma kowa ya san shi kaɗai ke yin muryoyin, na maza da na mata har tsofaffi. To amma a guntun da Jidda maƙwabciyarsa ta baza a wayoyi, muryarsa ce ke cewa "ba ni iya rayuwa in ba ke," ta Jidda na amsawa cike da yanga.

Ga shi an riga an sa ranar auren Raliya da Imrana!

"Har Bakura abin ga ya kai. Yaya Lawali ya ce maida maka kayanka za a yi. Mi ya hana ka siranta murya irin ta kullum?"

"Raliyata, zauna ki gani..."

"Kar ka ƙara ce mini taka!"

Ta dai zauna, don kishi bai hana ta son ganin ƙwaƙwaf ba. Ya kunna mata fim ɗin tun daga farko.

Tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari, tun kakanninsu na yara. Wani ɗan bincike mai malafa, ruwan sama na zuba kan kwalta, sai ga wata Baturiya ta shigo ofishinsa, rabin fuskarta a haske, rabi a inuwa.

"Dubi nan," in ji Imrana a hankali. "Tun ba ta buɗe baki ba, fitila ta faɗa miki mutum biyu ce. Na gwada muryata sau ba adadi, sai ta koma abin dariya. Wallahi tausayin fim ɗin na ji."

Raliya ta taɓe baki. Can kuma sai ga ta ta matso da kujera. Da Baturiyar ta rungume ɗan binciken tana laluben bindiga a jaka, ba ta san sa'adda ta miƙe ba.

"Kar ka yarda da ita, wawa! Wayyo, ta cuce shi..."

Fim ya ƙare tana share hawaye, haushi na cin ta don ya burge ta.

Imrana ya kai hannu kan kwamfuta, idonsa jajir.

"Bari in goge shi duka. Ki ce wa Yaya na tuba, ke na fi so da kowane aiki."

Caraf ta riƙe hannun rigarsa.

"Fim bai yi mini laifin komi ba. Muryar waccan za ka goge, kuma har ka mutu ba ka ƙara ce wa wata ɗiya mace haka, ko da wasa!"

"To wa zai yi Baturiyar, masoyiyata? Kin san Yaya ba ya barin ki..."

Ta gyara mayafi, ta harare shi, murmushi na neman kuɓuce mata.

"Ta jira a ɗaura aure, ni zan yi muryarta. Lokacin izinin a hannunka yake."