Rimin da Aka Sayar da Sunan Odum

Alidu na alwalar magariba a tsakar gidansa a Zangon Kumasi, sai dutse ya faɗo kan sabon rufin kwano. Na biyu ya biyo. Ya leƙa lungu, babu kowa.

Wata ɗaya ke nan da ya gina wa 'yarsa Nusrat ɗakin. Katakon odum ya nema wurin Kamil, mai sayarwa a Tafo, saboda ƙarfinsa. Aka kawo shi shafe da jan fenti, babu takarda, kafinta ya buga.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Rana ta bakwai Nusrat ta ajiye abinci, ta kafa wa rufin ido, ta soma magana da muryar tsoho.

Aka kira Malam Seini mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi aljanin da ke magana ta bakinta.

"Wane ne kai?"

"Mai gida."

"Ga mai gida nan tsaye."

"Shi katako ya saya. Ni a ciki nake tun kakansa bai zo Kumasi ba. Rimina aka sare."

"Wane irin rimi?" in ji Alidu. "Odum na saya!"

"Sa farce ka gani."

Alidu ya hau benci, ya danna farce a katakon. Farcen ya nutse kamar a burodi. A ƙarƙashin wannan 'yarsa take kwana.

Aljanin ya nemi baƙin rago, Malam ya ce yanka na Allah ne. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan za a cire katakon a mayar daji, kada a ƙona. Nusrat ta yi atishawa, ta farfaɗo tana neman ruwa.

Washegari Alidu ya isa Tafo ransa a ɓace.

"Odum ya ƙare, Baba, na ba ka makamancinsa," in ji Kamil. "Kowa haka yake yi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ai ba ka tambaya ba."

Aka kwance rufin cikin damina, aka ɗaura tamfol. Da wani dillali ya turo sabon katako, Alidu ya tare ƙofa, ya ce sai an rubuta masa sunan itacen da inda aka sare shi.

"Takarda kuma? Don katako?" Direban da ya kawo katakon ya yi dariya, ya juya motarsa da kayan.

Alidu na tsaye a bakin ƙofa, ruwa ya sauko.