Sunanta a Cikin Mutum Tamanin

A bencin asibitin yara ya fara ganinta, 'yarta na barci a cinyarta, hannuwan yarinyar a kumbure. Shi ne injiniyan da aka ɗauko ya rubuta manhajar da za ta riƙa tuna wa iyayen masu sikila ranar ganin likita. Ita kuwa tela ce, shekara biyu da rasuwar mijinta.

"Baiwar Allah, a taimaka min da adireshin imel."

"Asibiti ke nema ko kai?"

"Yau dai asibiti."

Cikin wata shida ya koma kiranta Sanyin Idona. Mahaifiyarsa ta san bazawara ce mai 'ya ɗaya, ta haƙura. Ciwon yarinyar ne kawai telar ta roƙe shi ya bari sai ta faɗa da bakinta.

Ranar gwajin manhajar, sashen aika saƙon ya nemi jerin masu karɓa. Cikin gaggawa ya zuba adireshi tamanin a gurbin "to", inda kowa ke ganin kowa, maimakon "bcc" mai ɓoye suna. A cikinsu akwai telar, akwai kuma matar ɗan kawunsa, wadda ta gane sunanta. Kafin azahar labari ya kai gida.

"Jinin ciwo za ka kawo min?" in ji mahaifiyarsa. "Ba da yawuna ba."

Telar na kan keken ɗinki, zare ya ƙi shiga allura saboda hawaye. Ta rubuta masa: "Shekara huɗu ina kare ta daga bakin mutane. Kai da layi ɗaya ka tona ta. Kada ka zo."

Ya amsa: "Ba ni da bakin magana, Sanyin Idona. Laifina ne, ba na na'ura ba."

Ya gyara manhajar, kowane saƙo da mai karɓa ɗaya. Ya nemi gafarar iyaye tamanin, kowa da wasiƙarsa. Asibitin dai ya sallame shi. Sati uku ba ta ɗaga wayarsa ba.

Sai ciwon yarinyar ya tashi. Telar na gasa mata ƙafafu da tawul mai ɗumi a gadon asibiti, wata dattijuwa ta shigo. Mahaifiyar injiniyan ce, ta zo cewa a rabu mata da ɗa. Ta daɗe tana kallon ƙafafun.

"Haka ɗan farina ya yi," ta ce a hankali. "Har ya tafi ban san sunan ciwon ba. Kawo tawul ɗin, 'yata, ya huce."

Daga baya telar ta ɗaga wayar injiniyan. Ya yi gwajin jini, ba ya ɗauke da ciwon.

Gayyatar aurensu ma ɗaya-ɗaya ya aika, amarya na tsaye a kansa tana duba gurbin.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," in ji dattijuwar, 'yar telar na goye a bayanta. "Wannan kuma tawa ce."