Mutuwar Gola a Tsohon Fili

Sufeto bai gama zama a kujerarsa ba, Sajan ya leƙo.

"Yallaɓai, an bugo waya. Wani mutum ya faɗi a tsohon filin wasa na bayan makaranta, wajen masu motsa jiki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa."

"Wannan ai aikin likita ne."

"Likitan ne ya ce a kira mu."

Rabon Sufeto da filin tun kafin ya sa kaki. Da motarsu ta shiga, sai ya ga komai ya ƙanƙance. Turakun raga suna nan, sun yi tsatsa, ɗaya ya karkace. Bencin siminti ya tsage. Ɗan ɗakin ajiyar kaya mai shuɗiyar ƙofa ne kawai bai canza ba.

A bayan shingen filin yake tsayawa yana yaro, ƙato da shi, yana kallon sauran yara suna gudu. Buhu suke kiransa. Wata rana mai horar da su ya miƙo hannu ya jawo shi ciki, ya ce duk wanda ya yi dariya zai zagaye fili har sai ya ga taurari. Ba wanda ya yi.

Mutumin nan ne yanzu zaune a kan benci, kansa fari fat, usur rataye a wuyansa. Baba Koci.

Tsohon ya ɗago, ya ƙura masa ido. "Buhu? Kai ne?"

Sajan ya juya baya yana tari.

"Ni ne, Baba. Wa ya rasu?"

"Gola ne."

Sufeto ya zauna a gefen bencin. Gola, mai tsaron ragarsu, wanda suke raba biredi ɗaya bayan atisaye, ya ɗauki ƙaramin ɓangaren ya ce wai Buhu ya fi shi wurin zubawa. Daga baya ya zama direban babbar mota, zumunci ya koma sai gaisuwa a waya, ita ma ta yanke.

"Yaya abin ya faru?"

"Zama a mota ya tara masa teɓa, ga hawan jini. Likita ya ce ya rage. Sai ya dawo wurina watan jiya. Yau yana cikin zagaye ya ce ƙafarsa ta riƙe. Ya dafa ƙirji, ya faɗi."

"Yana shan wani abu na rage ƙiba?"

"A filina?" Baba Koci ya ɗaure fuska. "Ka manta da ni ke nan. Gumi, ganye, barci da wuri. Ban san wani magani ba bayan waɗannan." Ya nuna sikelin da ke bakin ƙofar ɗakin, kusa da wata jar kula ta ruwa. "Kuma yana yi masa aiki. Sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa."

Sufeto ya dubi sikelin. Shi dai ya tuna sai da ya shekara yana gudu a filin nan kafin wandonsa ya fara yi masa yawa.

A asibiti, likitan ya rufe ƙofar ofishinsa kafin ya yi magana.

"Jikinsa a bushe yake kamar wanda ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Mun gwada jininsa. Akwai irin ƙwayar nan da ke matse ruwan jiki."

"Ta rage ƙiba?"

"Haka ake sayar da ita. Ba ta taɓa kitse ko kaɗan. Ruwa take fitarwa, sikeli ya sauka, mutum ya yi ta murna. Tare da ruwan take kwashe gishirin da zuciya ke aiki da shi. Ga shi yana shan maganin hawan jini, ga gudu. Zuciyar ta tsaya."

"Ku kuka rubuta masa?"

"Ko kusa. Ni abin da na ce masa, ya rage maiƙo da zaƙi, ya riƙa tafiya, ya yi haƙuri."

Matar Gola tana zaune a falo cikin 'yan'uwanta. Da aka ce mata abokin mijinta ne na yarinta, ta tashi ta kai shi kicin inda babu jama'a.

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Dole ce ta sa zan tambaye ki. Akwai maganin rage ƙiba a gidan nan?"

"Babu."

Idonta ya kai kan kabad ya dawo. Sufeto ya miƙa hannu bayan gwangwanin madara, ya sauko da wani koren kwali. Shayin rage ƙiba, da hoton wata mata mai ƙugu kamar na zanzaro. A gefe an manna sunan shago: Anti Siririya.

Ta fashe da kuka. "Ni na saya. Tsoro na ji a ce ni na kashe shi. Amma duba, ko buɗewa ba a yi ba."

Gaskiya ne, ledar jikinsa tana nan.

"Ranar da na kawo, faɗa ya yi mini. Ya ce Baba Koci ya hana, shi kuma tun yana yaro bai taɓa tsallake maganar Baba ba. Ya bar lemon kwalba, ya bar soye-soye. Kifi da ganye, mutumin da a da ko kallon salak ba ya yi."

"Kin ga wani canji a jikinsa?"

"Fitsari. Ba ya minti nawa sai ya shiga banɗaki. Ga ƙishirwa, ga ɗaurewar jijiya. Na ce ya koma asibiti, ya ce ai kitse ne ke narkewa."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara zuwa filin."

Washegari da safe Sufeto ya koma shi kaɗai, ba kaki. Masu motsa jikin sun taru amma ba wanda ke gudu. Baba Koci ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Jar kular tana kife a bakin ƙofa, an wanke ta tas.

Ya zauna cikinsu a kan bencin, aka yi ta alhinin Gola. A hankali hira ta saki.

"Wallahi wurin nan akwai albarka," in ji wata malamar makaranta. "Wata uku na sha shayi iri-iri, ban ga komai ba sai ciwon ciki. Nan kuwa sati biyu siket ɗina ya fara juyawa."

"Sai dai layin banɗaki," wani ya ce. "Mun fi yin gudu zuwa can a kan zagayen fili."

Aka ɗan yi dariya.

"Ku dai kuka ga albarka," in ji wani tela mai tumbi, yana ƙunƙuni. "Tare muka fara da marigayi. Ina gudu, na bar cin dare, amma in na hau sikeli sai ya yi kamar bai san ni ba. Abin da na samu kawai, na daina haki in na hau bene."

"Kai ma kana bin layin banɗakin?" Sufeto ya tambaya.

"Ni? A'a."

Sufeto ya lura da gorar ruwa a hannunsa. "Daga gida kake zuwa da ruwanka?"

"Dole. Baba yana matsa lemon tsami a kula, ni kuma ina da olsa. Ko kurɓa ban taɓa yi ba."

"Sauran fa?"

"Kowa kofi guda kafin a fara," in ji malamar. "Baba da kansa yake zubawa. Gola ma biyu yake sha, wai shi ne babban ɗalibi."

Sufeto ya daɗe yana kallon kular. A zamaninsu bokitin ƙarfe ne da kofi ɗaya, su yi layi suna haki, Baba yana tsaye yana cewa a sha a hankali. Bai taɓa shan ruwan da ya kai wannan daɗi ba.

Ya tashi ya kira Sajan.

Shagon Anti Siririya yana cike da kwalaye har rufi: shayi, garin kaɗawa, man shafawa, bel ɗin ɗaure ciki. Ita kanta ta cika kujerarta dam.

"Duk kayana ganye ne zalla, Yallaɓai. Ko jariri ya sha lafiya."

"Ƙwaya fa?"

"Ban taɓa sayarwa ba."

Sajan ya zaga bayan kanta, ya jawo wani kwalin takalmi. Cike yake da fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin ƙananan ledoji, babu suna, babu takarda.

"Wannan wane ganye ne?" in ji Sufeto.

Ta fara gumi. "Masu gaggawa ne ke nema. Masu biki a gaba."

"Mutum ya mutu da irinta a jininsa. Wa kike sayar wa daga tsohon fili?"

"Babu kowa."

"To, ki sa takalminki. Ke za ki amsa."

"Tsaya, Yallaɓai!" Ta dafe kanta. "Akwai wani tsoho. Da ya fara zuwa na ɗauka faɗa ya kawo, don ya taɓa tsayawa a ƙofar nan yana ce wa mata guba suke saya. Sai ya ce ƙanwarsa yake saya wa. Yakan tura usur ɗinsa cikin riga kafin ya shigo, yana ganin ban gane shi ba."

Sufeto ya san Baba Koci ba shi da ƙanwa. Ya ce wa Sajan ya kwashe kwalin, ya tafi da matar ofis, sannan ya dawo masa da mota.

Da la'asar ya sami shuɗiyar ƙofar a buɗe. Tsohon yana zaune a kan buhun tsofaffin ƙwallaye. Warin roba da ƙura yana nan yadda ya san shi. A bango akwai hoton ƙungiyarsu, ya koɗe: Gola a tsugune rungume da ƙwallo, shi kuma a gefe yana ƙoƙarin ɓuya a bayan wani.

"Na san za ka dawo," in ji Baba Koci.

"Me ya sa ka wanke kular, Baba?"

"Datti ta yi."

"Anti Siririya tana ofishinmu. Tela bai taɓa shan ruwanka ba, shi kaɗai ne bai rame ba."

Tsohon ya juya ya dubi hoton da ke bango.

"Ka tuna yadda filin nan yake cika?" ya ce. "Sai na raba ku gida uku. Yanzu mutum zai zo, ya yi sati ɗaya, ya hau sikeli, ya ce Baba ban ga komai ba. In ce ya yi haƙuri, jiki ba ya son gaggawa. Gobe sai in hango shi yana fitowa daga shagon matar nan da leda. Akwai safiyar da na busa usur, ni kaɗai ne a fili."

"Sai ka je ka saya."

"Na ce kaɗan zan riƙa sawa. Su ga sikeli ya motsa, su sami ƙarfin gwiwa su zauna. In sun saba da gudun, sun gyara cin abincinsu, sai in daina, aikin gaskiya ya ci gaba. Nakan daka ta, in matsa lemon tsami don ya ɓoye ɗacin." Ya share fuska da tafin hannu. "Kuma suka zauna. Suka kawo 'yan'uwansu. Kullum sai in ce wannan satin ne na ƙarshe."

"Ka san Gola yana da hawan jini."

"Na sani."

"Ka ba shi kofi biyu."

"Shi yake miƙo kofin. Ya ce, Baba ƙara mini, ruwanka ko na da bai kai shi ba." Muryar tsohon ta karye. "Yaron da na koya wa kama ƙwallo. Matarsa ta kawo masa shayi ya ƙi sha saboda ni. Ni na kashe shi. Rubuta haka, kada ka rage komai."

Sufeto ya yi shekaru yana kama mutane, bai taɓa jin nauyin kalmomin nan irin na yau ba.

"Baba, na kama ka bisa zargin sanadin mutuwarsa. Sauran ma duk sai an kai su asibiti an duba su."

"A fara da malamar nan. Jiya ta ce mini tana ganin jiri."

Sajan ya iso da mota, ya fito da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar da ita aljihu.

Suna fitowa suka tarar da 'yan ajin yamma sun fara isowa, wasu mata uku da takalman gudu a hannu.

"Baba, yau akwai atisaye?"

Sufeto ne ya ce musu su wuce asibiti, likita yana jiransu, zai yi musu bayani.

A bakin motar Baba Koci ya ɗaga ƙafa zai hau, gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Sufeto ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi, ya zaunar da shi, ya gyara masa ƙafar, ya rufe ƙofa. Maimakon ya shiga gaba inda ya saba, sai ya zaga ya zauna a baya kusa da shi.

"Mu tafi, Sajan," ya ce. "A hankali."