Baƙon da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

"An ce har ɗaure ki aka taɓa yi da igiyar shanya."

Ƙafar Tela ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

Mai maganar yayar Kafinta ce, saurayin da zai auri Tela. Shi kuwa yana bakin shago, kansa a ƙasa.

Yayar ta ce su ba su gaji hauka ba, ba za a kawo musu wadda sai da ƙwaya take zama mutum ba. Ta ɗaga rigar da ke kan tebur, ta ce ɗinkin ma na masu taɓin hankali ne.

Kunnuwan Tela suka ɗau zafi. Da a da ne, da unguwa ta taru.

Amma ciwon da ya daɗe da mutum malaminsa ne. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen keken mai sanyi, yadda likita ta koya mata. Ta ja numfashi, ta sake shi a hankali. A zuci ta ce, wannan fushi ne, baƙo ne, na gan shi, ba zan shimfiɗa masa tabarma ba.

Ta saurari ƙarar fanka har ƙirjinta ya lafa.

"Yaya, ga kujera. Ciwo ina da shi, magani ina sha. Ban taɓa ɓoyewa ba."

Yayar ta taɓe baki, ta fice.

Sai ga Kafinta, baki har kunne.

"Kin ci jarrabawa, farin cikina! Dama na ce musu ba za ki birkice ba."

"Jarrabawa..."

Ya ce danginsa ne suka kafe, sai an gwada ta za su amince.

"Maganar igiya, wa na taɓa faɗa wa?"

Kafinta ya kau da kai.

"Innata ta tafi kabari da ita. Sai kai. Ina kuka na faɗa maka."

Da ɗan gari akan ci gari. Ya shiga rantsuwa, wai don su biyun ya yi, wai ai yanzu aure ya tabbata.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan kujerar da shi ya ƙera mata.

"An koya mini in bar fushi ya wuce. Ba a ce in zauna da wanda ya nuna masa ƙofar shigowa ba. Ɗauki, haɗa da kujerarka."

Sai da ya sha kwana hawayen suka zubo. Ta mayar da tafinta kan ƙarfen.

Wannan baƙin ciki ne, ta ce, na gan shi.

Wannan baƙon kam ta san zai kwana biyu. Ta share ido, ta zura zare, ta taka keke.